Randar Maman Byeong-du

Ranar da Maman Byeong-du ta fara shigowa shagona a garin Baguio na ƙasar Filifin ba ta sayi komai ba, baƙar magana kawai ta ajiye mini ta tafi. Ta tsaya gaban kantar da nake jera kwalaben ganjang, wato ruwan daddawar waken suya da muke miya da shi, ta ɗauki ɗaya ta ɗaga wajen hasken taga. Ta karanta bayan kwalbar tana motsa leɓe, sannan ta mayar ta goge hannunta da siket. Wai ruwan kwata ne aka zuba wa gishiri da kala, kuma duk macen da take ciyar da 'ya'yanta da shi sai ta yi bayani gaban surukarta a lahira. Ni kuwa 'yar Busan ce, wani birni a can ƙasarmu, a kasuwar kifi uwata ta raine ni, ba a taka ni in yi shiru. Na ce mata idan ta gama wa'azin, ƙofa tana nan inda ta bar ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce bakina ya yi mata kama da na mutanen gida, don haka gobe za ta kawo mini abin da zan lasa in san ban taɓa cin abinci ba. Daga nan muka ƙulla, ina ce mata Yaya, tana ce mini 'yar Busan.

Washegari sai ga ta da wata 'yar kwalbar magani a ƙulle cikin hankici. Ta ɗiga mini ɗigo ɗaya a bayan cokali, tana kallon hannunta kada ya zarce. Abin baƙi ne wuluk, ga kauri, gishirinsa bai da kaifi, kuma sai ka haɗiye sannan wani zaƙi yake biyo baya. Ina lasa na ga madafar kakata da hayaƙinta, matar da na yi shekaru ban tuna fuskarta ba. Haushi ya kama ni da na ji idona ya ciko a gaban tsohuwar da ta zage ni jiya, sai na ce mata ba laifi, da ɗan dama-dama. Ta yi dariya har ana ganin haƙoran ƙarfenta.

Sunanta na yanka Pyo Geum-rye, amma ta ce tun da ta yi aure ba wanda ya kira ta da shi sai malaman asibiti. A wani ƙauye bayan Damyang aka haife ta, a ƙauyen da ke tsallaken rafi ta yi aure, ta auri babban ɗan gidan dangin Ok. Gidan suna ne kawai ya rage masa. Gonaki sun tafi tun zamanin yaƙi, rufin katako yana yoyo, surukin nata kuwa ban da karanta tsofaffin littattafai da tari ba abin da ya iya. Abu ɗaya ne ba su sayar ba, randa ce a can ƙarshen jerin randunan bayan gida, wadda ruwan daddawar cikinta ya girmi duk wani mai rai a ƙauyen. Mu iri muke ce wa irin wannan, kamar irin shuka. Uwar miji ce take miƙa wa matar babban ɗa, ita ma ta miƙa wa tata surukar, kuma ba a taɓa barin randar ta ga ƙasanta.

Ba a miyar yau da gobe da shi. Sai ranar tunawa da matattun gida, ko biki, ko idan wani ya kwanta ciwo har abinci ya fita ransa, a ɗiga masa a kunu. Kuma iri ba ya rayuwa sai ana ciyar da shi duk shekara. Da shigowar hunturu za a dafa waken suya a kirɓa, a cura shi kamar tubali, a ɗaure da karan shinkafa a rataye ƙarƙashin rufi, busasshen sanyi ya yi ta dukansa. Daga nan a shigar da shi ɗaki mai ɗumin daɓe a lulluɓe har ya yi farar funfuna. Bayan sabuwar shekara a jiƙa curin cikin ruwan gishiri da gawayi da busasshen barkono, idan bazara ta yi nisa a tace. Wanda ya fi kyau cikin sabon shi ake zuba wa tsohuwar randa. Sauran aikin na rana ne, a buɗe murfi da hantsi randa ta sha rana da iska, a rufe kafin raɓa ta sauka. Surukar Yaya ta shekara goma sha wani abu ba ta yarda ta taɓa murfin ba. Ranar da ta miƙa mata ludayin ɗiban irin kuwa, kan gadon mutuwa take, kuma ko a nan sai da ta ce mata hannunta ya cika gaggawa.

Haka ta yi rayuwarta tsakanin gona da bayan gida. Ɗa ɗaya ta haifa, Byeong-du. Mijinta ya mutu, matasan ƙauyen suka watse birni, aka rufe makarantar firamare, motar haya ta koma zuwa sau ɗaya a yini. Byeong-du ya buɗe gidan abinci a Gwangju bai yi albarka ba, matarsa ta fari ta kwashe kayanta, shi ma kunya ta kore shi daga ƙasar. Ya zo nan Filifin yana girki a wani gidan abincin mutanenmu a Angeles, can ya haɗu da Nenita ya aura. Uwar tana can ita kaɗai har wani hunturu da santsin ƙanƙara ya kayar da ita a bayan gida, ta wuni kwance tsakanin randuna kafin mai kawo wasiƙu ya ji nishinta. Da ta warke Byeong-du ya je ya durƙusa ya ce ko ta biyo shi ko ya kai ta gidan tsofaffi, ta zaɓa.

Ta zaɓi binsa, amma randar ba ta ɗaukuwa, tana da tsaga da ta girmi mijinta, da an ɗaga ta za ta rabe. Sai ta juye irin cikin robobin ruwa, ta naɗe kowace da rigunanta na ciki ta cika akwati, kayan sawarta kuwa ta bar wa maƙwabta. A gindin randar akwai gishirin da ya daskare tun zamanin kakanni, ƙanana-ƙanana masu ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Ta kankare shi da cokali ta ƙulle a ɗankwali ta sa a ƙirjinta har cikin jirgi. Ta ce da ta kife tsohuwar randar a tsakar gida ta yi mata sallama, ko kabarin mijinta ba ta yi wa kuka haka ba.

A Angeles Byeong-du ya samo mata randar Vigan, irin wadda mutanen Ilocos suke tsima kifi a ciki, sabuwa fil. Ta wanke, ta turara ta da hayaƙin kara, ta zuba gishirin kakanni a gindi, ta juye irin a kai. Bai kai rabi ba. Da watan da ya kamata a ce hunturu ne ya kama, ta dafa wake ta cura ta rataye, alhali gumi yana ɗiga daga haɓarta. Kafin mako ya zagayo curin ya yi baƙi ya fara zubar da yauƙi, maƙwabta suka zo da sanduna suna neman mushen ɓera. A wajen ne wani ya gaya mata akwai gari a kan dutse inda ake sa rigar sanyi har da hula. Tun daga ranar ba ta bar ɗanta ya sha ruwa da daɗi ba. Byeong-du mutum ne mai sanyin hali, irin wanda rayuwa ta riga ta tanƙwara, kuma yana ganin shi ya raba uwarsa da gida. Ya ajiye aikinsa, ya kwaso su zuwa Baguio, ya kama wani ɗan wuri kusa da makarantun da yaranmu suke zuwa koyon Turanci yana sayar musu da shinkafa da miya.

Sanyin Baguio ya yaudari kowannenmu a farkon zuwa. Kana sauka daga mota ka ji iska mai sanyi, sai ka ce ai ka iso gida. Sai ka kwana biyu sannan ka gane jiƙaƙƙen sanyi ne, wanda takalmi yake yin funfuna a cikin kabad, bargo ma ba ya bushewa. Mu da muka daɗe mun saduda. Mun koyi yin kimchi, tsamammen ganyenmu na gida, da kabejin garin La Trinidad da ke kusa, mun koyi ciniki da harshen Ilocano, mun koyi fita da laima ko rana tana ƙwallewa. Wasunmu sun kama coci don su sami inda za su yi hira da harshen gida, wasu sun kama wasan golf, wasu kwalba. Ba wanda ya ce yana jin daɗi, amma kowa ya sami inda ya jingina.

Yaya ba ta jingina da komai ba sai randa. Aka ɗora mata ita a kan rufin siminti na gidan da suke haya, ta sa kujerar roba a gefe. Tun hantsi za ta buɗe murfi ta zauna tana kallon sama, da gajimare ya leƙo ta rufe, ya wuce ta buɗe. A garin da sama take sauya ra'ayi sau nawa a yini, wannan ai ɗauri ne. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa coci, ta ce ita ba za ta shiga inda ake ce wa shinkafar da take ajiye wa mijinta bautar gumaka ba. Matan cocinmu kuwa suka sa mata suna mai gadin randa. Kalmar mutanen garin ko ɗaya ba ta koya ba, idan maƙwabta suka gaishe ta da Lola, wato kaka, sai ta ɗaga hannu ba tare da ta sauke ido daga sama ba. Shagona kaɗai take zuwa, shi ma sai ranar da aka tashi da ruwa, lokacin da ta san murfi zai wuni a rufe.

Kowace shekara ta dafa wake, kowace shekara ya lalace. Wata shekara funfunar ta fito kore, wata baƙa, wata shekara curin ya bushe a waje amma ta fasa ta tarar da tsutsa. Ba ta taɓa zuba ko ɗigo na abin da ba ta yarda da shi ba a kan irin. Shi kuwa irin rana tana shan nata, ranar tunawa da mijinta da ta iyayensa suna cin nasu. Akwai wani tsinken gora da take tsomawa ta duba inda jiƙa ta tsaya, duk lokacin da na hau rufin sai ta nuna mini, kuma kullum ƙasa yake yi. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi, domin mace ce mai kaifin kai da barkwanci, ta zauna tana tsufa a gaban tukunya.

Nenita kuwa ba ta da izinin hawa matakalar rufin. 'Yar wani ƙauye ce a kan duwatsun bayan La Trinidad, mace mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, ita take riƙe da gaban gidan abincin, ita take wa surukarta wanki da tausar ƙafa. Ta koyi ce mata Omoni, wato uwa cikin girmamawa, ta koyi miƙa mata kofi da hannu biyu. Duk da haka ko shanya za ta yi sai dai ta yi a baranda. Wata rana na gaji na faɗa wa Yaya gaskiya.

Na ce, "To Yaya, ke da kike ta wannan wahala, wa za ki bar wa? Ni dai kin san ba a gidanku nake aure ba."

Ta ce, "Wadda take zuba sukari a taliya zan miƙa wa ludayin surukata? Ki bari in mutu tukuna, 'yar Busan, sai ku yi abin da kuka ga dama."

"Ai kuwa za mu yi. Randar ma tukunyar fure za mu mayar."

Ta ce bakina zai kai ni wuta, kuma ko can sai na nemi a rage mini farashi. Amma na ga maganar ta shige ta, domin ta daɗe tana murza murfin da tsumma bayan ya riga ya yi fes.

Shekarar da abin ya yi, da hannun Nenita a ciki, ko da yake ba wanda ya sa ta. Ta je garinsu ta dawo da damin karan shinkafar tudu daga gonar kawunta, busasshe ƙarau, ta ajiye a gindin matakala. Yaya ta sunsuna ta ɗauke. Ta kori ɗanta da matarsa daga ɗakin kwanansu, shi ne mafi bushewa a gidan, ta kunna fanka a kan curin dare da rana. Da ya bushe ta shimfiɗa kara a kan bargonta mai aiki da lantarki, ta jera curin ta lulluɓe, ita ta koma kwana cikin rigar sanyi. Wata safiya sai ga ta a shagona ana rana, abin da ban taɓa gani ba, da curi ɗaya a cikin zani kamar jariri. Ta fasa a gabana. Funfunar fara ce tas, cikin ya yi ruwan ƙasa, warin kuwa shi ne dai na ɗakin kakata. Muka tsaya muna shaƙar ruɓaɓɓen wake muna hawaye, masu sayayya suna kallonmu.

Ta jiƙa, ta jira, ta tace. Ranar da za a zuba sabo a kan tsoho ta kira ni in shaida, ta yi wanka ta sa fararen kaya. Tana kan matakala sai ta juyo ta yafito Nenita da hannu. Nenita ta waiga bayanta ta ga ko wani ake kira. Ita ta riƙe ƙyallen tacewa, Yaya tana zubawa da ludayi a hankali, har randar ta haura rabi a karo na farko tun da ta zo ƙasar. Da aka gama ta ce in gaya wa Nenita hunturu mai zuwa ita za ta kirɓa waken, amma ta yanke farce. Nenita ta sauka ƙasa ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

A watannin da suka biyo baya Yaya ta zama wata daban. Ta fara amsa gaisuwar maƙwabta, ta yarda ta ci ayabar da ake soyawa da sukari, har ta ce ba laifi. Don haka da mahaifiyar Nenita ta taso takanas ta zo gayyatar ta bikin ƙanen Nenita a ƙauye, ba ta ƙi ba. Ni ma aka gayyace ni don in riƙa fassara.

Sai dai damina ta riga ta fara leƙowa. An jera kwanaki ba rana, wata farar yana ta fara kwanciya a saman ruwan randar, kuma maganinta ɗaya ne, rana. Safiyar bikin aka tashi da hazo mai kauri, ko gidan da ke gabanka ba ka gani. Na iso na tarar da ita a kan rufi cikin kayan bikinmu na gida, doguwar siket mai ruwan toka da 'yar riga fara, ta buɗe murfi ta ɗaure bakin randar da yadi mai shara-shara. Fuskarta fal murna. A ƙauyensu, in ji ta, duk ranar da hazo ya kwanta a kan gonaki da safe, to ranar za a yi ta mai zafi har faɗuwarta, kuma tun tana yarinya wannan bai taɓa saɓa mata ba. Byeong-du ya ce ta dai rufe don kwanciyar hankali, ta tambaye shi yaushe ya fara sanin sama, shi da ko shanya bai taɓa yi ba. Nenita ta nuna sama ta nuna murfi, ta kaɗa mata hannu. Ni ma na ce mata samaniyar garin nan ba ta san ƙauyensu ba, ta ce in rufe baki in gyara mata ɗaurin riga. Kafin mu shiga mota kuwa hazon ya yaye, rana ta fito tarwai, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa ganin ta kamar ranar ba. Aka zaunar da ita cikin dattawan mata, aka cika mata ganye da dafaffen nama, ta ci tana yabawa da harshen da ba wanda yake ji. Da maza suka fara kaɗa farantan tagulla, mata suka jeru suna taka rawa da hannaye a buɗe, mahaifiyar Nenita ta jawo ta cikin fili. Ta ɗan noƙe, sannan ta ɗaga kafaɗa ta fara irin rawar tsofaffinmu, siket yana shara ƙasa. Wurin ya kaure da shewa, Byeong-du yana gefe yana dariya yana share ido da bayan hannu.

Tana cikin rawar ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Ta tsaya cak da hannu ɗaya a sama. Ba a yi hadari ba, ba a yi iska ba, gajimare ne kawai ya gangaro daga bayan dutse, kafin a kwashe kujeru ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ta kama hannun ɗanta tana cewa randa, randa. Muka shiga mota, amma ƙasa ta zaftaro ta tare rabin hanya, motoci sun yi layi ba mai motsi. Byeong-du ya yi ta kiran mai gidan hayarsu a waya, ashe ta tafi Manila. Yaya ta buɗe ƙofa ta fita cikin ruwan za ta tafi da ƙafa, tafiyar da ko saurayi ba zai yi ba. Nenita ce ta bi ta ta rungumo ta ta baya, tsohuwar tana dukan hannunta, har ƙarfinta ya ƙare.

Sai yamma liƙis muka iso. Tun daga ƙasa muka ga wani ruwa ja-ja yana gangarowa ta matakalar rufin yana shiga kwata. Randar ta cika ta batse, yadin ya lotsa ciki, ruwan sama yana ta zuba yana koro abin da ke ƙasa. Yaya ta durƙusa ta zura hannu har kafaɗa tana laluben gindin. Gishirin kakanni ya narke, ba abin da ta taɓo sai santsin yumɓu. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki murfin ta rufe a hankali, kamar yadda take yi kowace yamma.

Ta gwada ceto irin. Ta kwashe cikin manyan tukwanen gidan abincin ta yi ta tafasawa kwana da kwanaki don ruwan ya ƙone, gidan duk ya ɗauki ƙauri. Abin da ya rage baƙi ne kamar da, amma tsami da ɗaci ne kawai a ciki. Ba ta bari kowa ya lasa ba, idan ɗanta ya tambaya sai ta ce tana kan aiki. Wata safiya bayan sun tafi gidan abinci ta juye shi a kwata ita kaɗai, ta wanke randar, ta mayar da murfi.

Ana saura kwana kaɗan ranar tunawa da mijinta ta shigo shagona. Ta rame, siket ɗin yana juyawa a ƙugunta. Ta wuce kai tsaye kantar nan, ta ɗauki kwalba ba ta karanta bayanta ba, ta ajiye a gabana. Duk zolayar da na tanada tsawon shekaru don wannan rana sai na haɗiye ta. Ta ce in saka mata a baƙar leda, kuma in zo ranar in taya ta girki, amma kada in faɗa wa kowa komai.

Abincin matattu ba a sa masa tafarnuwa, ba a sa barkono. Romon naman sa da ganyayyakin da ake jerawa a teburin duk ɗanɗanonsu daga ruwan daddawa yake fitowa, ba inda zai ɓuya. Ina tsaye ta juye na shagona cikin 'yar kwalbar maganin nan tata, daga ita ta riƙa ɗigawa a tukunya. Da rana ta faɗi aka jera teburi gaban hoton marigayin, Byeong-du ya zuba giyar shinkafa ya yi sujada sau biyu, aka soka cokali a shinkafa, muka juya baya don mamacin ya ci. Bayan nan aka sauke abincin muka zauna ci kamar yadda aka saba.

Yaya ba ta ɗauki cokali ba. Idonta yana kan ɗanta. Ya kurɓi romon, ya tsaya, ya sake kurɓa, sai ya ajiye cokalin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Ya ce wa uwarsa, "Omma, kin ceto shi. Wannan shi ne na gidanmu, ko ido a rufe zan gane shi. Kamar ina zaune gaban Kaka."

Ya juya yana gaya wa Nenita da Turanci cewa wannan ɗanɗanon ya fi shekara ɗari a gidansu, ba a samunsa a ko'ina a duniya, kuma wata rana ita za ta riƙe shi. Nenita ta kurɓa ta gyaɗa kai, ta dubi surukarta da murna. Yaya ta jawo kwanon ɗanta ta ƙara masa, ta ce ya ci da yawa, ya rame.

Ni na bi ta madafa da kwanuka. Ta kunna famfo ta tsaya tana kallon ruwan, hannayenta a cikin kumfa ba sa motsi. Na ce mata ai ko ba komai yaron ya ji daɗi, asiri kuma ya rufu.

Ta ce, "Ba don asiri ya rufu na yi ba, 'yar Busan. Jira nake ya tofar. Na ce da ya kai bakinsa zai tofar ya ce Omma, mene ne wannan, sai in gaya masa, mu yi kukanmu tare."

Daga falo Byeong-du ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai sauran romo. Ta goge hannu, ta ɗauki tukunyar ta kai masa.